Me ya sa ba za a fara magani ba sai sakamakon tsoka ya fito?

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya: "Likita, maigidana ne ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, yau wata 3. Ba ya masa ciwo, amma sai rama yake yi, ga gumin dare da zazzaɓi sama-sama. An yi hoto, an ɗebi jini, sai likita ya ce dole a ciro ƙullutun a kai wa wani likita daban ya duba, mu jira kamar mako 2. Shi wancan da bai taɓa ganin mara lafiyar ba, me zai gani wanda hoto bai nuna ba? Me ya hana a fara magani? Sannan ana ta tsorata mu wai da zarar ƙarfe ya taɓa irin wannan ƙari bazuwa yake yi."

'Yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne. Wancan likitan da kike tambaya a kansa, wanda ba ya ganin mara lafiya sai tsokarsa, irin aikina ke nan, ana ce da mu likitocin fatoloji. Kafin komai in faɗa miki kai tsaye: likitan da ya ƙi fara magani da ka ya kyauta muku, ko da kuwa jiran yana cin ranku.

Alamomin da kika lissafa ba na cuta guda ba ne. Aƙalla abu 4 ke zuwa da wannan kama. Yana iya zama kaluluwa ce kurum ta kumbura don jiki na faɗa da wata ƙwayar cuta, wadda in an kyale ta za ta sace da kanta. Yana iya zama tarin fuka, domin tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, kuma in ya fita daga huhu babu inda ya fi yawan sauka kamar kaluluwar wuya. Yana iya zama sankarar kaluluwar ce kanta, wadda muke kira limfoma. Ko kuma wata kansa ce ta laɓe a bayan hanci, ko maƙogwaro, ko gindin harshe, ta fara bayyana a wuya tun ba a san da ita ba. Ta farko ba ta buƙatar komai. Tibi maganin wata 6 ne, ana farawa da magunguna 4 a wata 2 na farko. Limfoma kemo ake mata, wato magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa, ita ma kuma iri-iri ce, gommai, kowace da haɗin maganinta. Ta ƙarshe kuwa gashi ne, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, ko tiyata, ko a haɗa da kemo.

Hoto yana da aikinsa, ban raina shi ba. Zai faɗi girman ƙullutun, inda yake, ko yana da 'yan'uwa a ƙirji da ciki, ko tsakiyarsa ta narke. Ƙwararren mai karanta hoto zai iya cewa abin ya fi kama da kaza. Amma "ya fi kama da" ba suna ba ne, kuma ba a ɗura wa mutum kemo a kan kama. Ki duba abin da ke faruwa in an yi canki-canka aka kuskure. A ba mai limfoma maganin tibi, ya shafe watanni yana haɗiyar ƙwayoyi masu taɓa hanta, sankarar kuma tana ta cin gaba abinta. A ba mai tibi kemo, a karya masa garkuwar jiki, tibin ya samu fili ya watsu ko'ina, har ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani abu da nake roƙon ki kula da shi tun yau: kada maigida ya sha firednisolon ko deksametason kafin a ciri tsokar, sai fa in likitansa ne ya ga dole. Waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, ƙullutu ya ragu, kowa ya yi murna, sannan ya dawo. In an ciro shi a wannan tsakanin, abin da zai iso gare mu gawarwakin ƙwayoyi ne da ba a iya karantawa.

Fatoloji fage ne mai faɗi. Jinin da aka ɗiba aka ƙirga ƙwayoyinsa, gwajin ƙoda da na hanta, majinar da ake shukawa don a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, haɗa jini kafin a ƙara wa mutum, duk 'yan gida ɗaya ne. Amma reshen da ya shafe ku shi ne na duba tsoka a ƙarƙashin madubin likita, don haka a kansa zan tsaya.

Ga inda mako 2 ɗin nan ke tafiya. Tsoka tana fara lalacewa tun daga lokacin da aka raba ta da jini, saboda haka a ɗakin tiyata ake jefa ta cikin fomalin, ruwan da ke daskarar da ita a yadda take. Wani likitan Jamus, Ferdinand Blum, shi ya lura da wannan a 1893, da ya ga fatar yatsunsa ta taurare bayan ya yi aiki da sinadarin. Fomalin ba ya gaggawa, kimanin milimita 1 yake ratsawa a awa guda, kuma ana son ruwan ya ninka tsokar sau 10. In robar ta iso wurinmu, sai a ba ta lamba, a tabbatar sunan da ke jikinta shi ne na takarda. Sannan a fito da kaluluwar a ɗora a kan allo, a auna ta, a tsaga ta da wuƙa a dubi cikinta da ido. Tun a nan ake fara jin ƙanshin amsa: wata za ka ga cikinta fari fat, sumul, ko'ina iri ɗaya, wata kuma tsakiyarta ta mutu, ta yi rawaya-rawaya tana marmashewa. Sai a yanki 'yan gutsattsari masu kaurin milimita 3 ko 4 a rufe a ƙananan akwatunan roba.

Daga nan na'ura ce ke kwana da su. Tana bi da su cikin barasa mai ƙarfi daki-daki har ruwan jikinsu ya fita kaf, sannan wani sinadari ya kore barasar, sannan narkakken kaki mai zafin kusan digiri 60 ya shiga ya cike gurbin. Da safe a zuba kowane gutsure a mazubi, kakin ya sandare, ya zama ɗan dunƙule mai kusurwa 4 da tsokar a tsakiyarsa. Wannan dunƙule shi muke kira bulok, ki riƙe sunan don zan dawo kansa. Ma'aikacin lab zai ɗaura shi a injin yanka ya riƙa feɗe shi siriri-siriri, kaurin maikiron 3 zuwa 4. Maikiron 1,000 ne ke yin milimita 1, silin gashin kai kuwa yakan kai maikiron 70. Feɗen yana fitowa a jere kamar zare, a shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tallabo shi da gilashi. Aikin hannu ne tsantsa, kuma in hannun ma'aikacin bai faɗa ba, ilimin likita ba zai cece shi ba. Mutane ba su san da waɗannan bayin Allah ba, alhali rabin kowane sakamako nasu ne.

A wannan sirantar tsoka ba ta da launi, sai an rina. Rini 2 ake amfani da su a duk duniya fiye da shekara 100: himatoksilin, wanda ake samu daga itacen wata bishiya ta Amurka ta Tsakiya, yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, da iyosin, mai mayar da sauran jikin ƙwayar ruwan hoda. In komai ya tafi daidai, a rana ta 2 ko ta 3 gilashin ke hawa teburina.

Abin da nake fara yi shi ne in duba daga nesa, da ƙaramin ido na madubin. Lafiyayyiyar kaluluwa tana da tsari: ɓawo a waje, dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin garkuwa a jere daga gefe, hanyoyin ruwa a tsakani. In tsarin nan yana nan, dunƙulen ne kawai suka ƙara girma, to yawanci jiki ne ke aikinsa, sai in saki numfashi. In tibi ne, sai in ga tsibirai na matacciyar tsoka, ruwan hoda fayau babu cibiya ko ɗaya a ciki, wasu ƙwayoyi sun yi musu zobe, a cikinsu ga wasu ƙatti masu cibiyoyi da yawa da suka jeru a gefe kamar kofaton doki. Sai in nemi rini na musamman, wanda Ziehl da Neelsen suka gyara jim kaɗan bayan Robert Koch ya gano ƙwayar tibi a 1882. Da shi ƙwayar ke fitowa ja siririya a kan shuɗin fili. A kaluluwa ba ta da yawa, mutum zai iya shafe rabin awa yana zagaya gilashi kafin ya yi karo da guda, wani lokaci ma ba ya samu. In kuwa na ga tsarin ya rushe baki ɗaya, ƙwayoyi iri guda sun mamaye ko'ina har sun keta ɓawon, to maganar limfoma ta taso. Wani lokaci kuma a cikin taron ƙananan ƙwayoyi sai ga wata ƙatuwa mai cibiya 2, kowace da ɗigo a tsakiya, tana kallonka kamar idon mujiya. Wannan ita ce alamar cutar Hodgkin.

Ruɗanin da kuke ciki tsohon ruɗani ne, manya ma sun faɗa cikinsa. Thomas Hodgkin ya bayyana cutar a Landan a 1832, da ido kawai ya duba. A 1898 Carl Sternberg na Biyana ya siffanta wannan ƙatuwar ƙwaya, amma ya ɗauka cutar wani nau'in tibi ce, domin da yawa daga marasa lafiyarsa suna ɗauke da tibin ma. Sai a 1902 wata matashiyar likita a Amurka, Dorothy Reed, ta zauna a kan madubi ta nuna cewa cuta ce mai zaman kanta, ba ruwanta da tibi. Shi ya sa ƙwayar ke ɗauke da sunansu su biyu. Yau cutar Hodgkin tana cikin sankarorin da aka fi samun nasara a kansu, inda magani ya wadata fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. Amma sai an kira ta da sunanta tukuna.

Wannan ne kuma dalilin da likitanku ya ce a ciro ƙullutun ɗungurungum maimakon a tsikara masa allura. Allura tana da amfani sosai: ba a sa barci, cikin minti kaɗan an gama, kuma sau da yawa ta isa ta nuna tibi ko kansar da ta taso daga wani wuri. Sai dai allura tubala take kawo mini a warwatse, ni kuwa a limfoma ginin nake son gani, yadda aka jera tubalan. Likita da yawa kan fara da allura, in ba ta warware ba a je ga yanka, wannan ma hanya ce mai kyau.

Da a ce rinin nan 2 sun isa, da cikin kwana 3 kun karɓi takardarku. Abin da ke ƙara kwanaki shi ne mataki na gaba. Ƙwayoyin limfoma iri daban-daban sukan yi kama da juna ƙwarai a ido, alhali halinsu ya sha bamban: wata tana tafiya a hankali shekara da shekaru, wata kuma tana ninka kanta cikin kwana 1 ko 2. Don a rarrabe su, sai a koma kan bulok a sake feɗo gilasai, wani lokaci 10 ko fiye, kowanne a ɗiga masa sinadarin garkuwa da aka ƙera don ya manne wa furotin guda tak. Inda ya manne sai wurin ya yi ruwan ƙasa. Albert Coons ne ya buɗe wannan hanya a 1941, amma ba ta zama aikin yau da kullum ba sai bayan da Köhler da Milstein suka gano yadda ake ƙera irin waɗannan sinadarai da yawa a 1975. In ƙwayoyin suka kama rinin furotin ɗin da ake kira CD20, to limfoma ce ta ƙwayoyin B, wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma akwai magani, rituksimab, da ke bin wannan alama ya kashe mai ɗauke da ita. Tun 1997 ake amfani da shi. In ƙatuwar ƙwayar nan ta kama CD30 da CD15, Hodgkin ta tabbata. In kuma keratin suka kama, furotin ɗin ƙwayoyin fata da na shimfiɗar cikin gaɓoɓi, to baƙunci suka zo kaluluwar daga wani wuri, sai a koma neman gidansu na asali. Kowane zagaye kwana 1 ne ko 2, kuma amsar zagayen farko ce ke faɗin abin da za a nema a na biyu. In lab ɗin ba shi da kayan, a aika bulok wani wuri. Ga mako 2 nan.

A kansar nono abin ya fi fitowa fili. Mata 2 za su zo da ƙari iri ɗaya a hoto, girma ɗaya. Ta farko ƙwayoyinta da sinadarin mata na istirojin suke rayuwa, sai a ba ta ƙwayar tamoksifen ko makamanciyarta ta yi shekaru tana sha. Ta biyu tana cikin 15 zuwa 20 cikin 100 da ke da furotin HER2 fiye da kima, ita tirastuzumab ne nata, wanda ya fito a 1998. A musanya musu magani, an yi asarar kuɗi da lokaci, babu wadda ta amfana. Babu hoton da zai raba su, sai gilashi.

Shi kansa tunanin cewa amsar cuta tana cikin tsoka ba tun azal ake da shi ba. Ƙarnoni da dama likitoci na ɗora ciwo a kan rikicewar ruwayen jiki. A 1761 Giovanni Morgagni na Padua a Italiya ya wallafa bayanin gawarwaki kusan 700, yana haɗa abin da mutum ya yi fama da shi yana raye da gaɓar da aka tarar ta lalace bayan ya rasu. Rudolf Virchow na Jamus ya sauko da maganar ƙasa a 1858, ya ce cuta daga ƙwayar halitta take farawa, kuma kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito. Ma'ana, cutar kansa ba baƙon abu ba ne da ya faɗo jiki daga waje, ƙwayoyin mutum ne na kansa suka kangare. Duk abin da muke yi yau a kan wannan magana yake tsaye.

Labarin da na fi so a wannan fage shi ne na Robin Warren, likitan fatoloji a birnin Perth na Ostireliya. A zamaninsa kowane ɗalibin likita ya haddace cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin tumbi saboda ƙarfin asid, kuma gyambon ciki daga damuwa da yawan asid yake. A 1979 yana duba 'yar tsokar da aka tsinko daga tumbin wani mara lafiya, sai ya ga wani siririn layi mai shuɗi-shuɗi kwance a saman fatar tumbin. Ya ƙara girman madubi, ya ga ƙananan ƙwayoyi ne lanƙwasassu, jingim. Ba shi ne farkon wanda ya taɓa ganinsu ba, amma na baya sun ɗauke su datti ko abin da aka haɗiya. Shi sai ya ci gaba da lura, ya ga duk inda suke akwai kumburi a ƙarƙashinsu. Abokan aiki suka yi biris da shi, har wani matashin likita, Barry Marshall, ya shigo cikin aikin. Suka samu shuka ƙwayar a 1982, a 1984 kuma Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita don ya nuna tana sa ciwo, ta kuwa sa masa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ciwon da a da ake yanke wa mutane rabin tumbi a kansa, yau maganin kwana 10 zuwa 14 ne. Har ma akwai wata limfoma ta tumbi da wannan ƙwaya ke jawowa, wadda in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayar kaɗai kan warkar da ita.

Haka aka yi ta samun sauran. Denis Burkitt ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958, daga samfuran da aka riƙa aikawa Landan kuma Epstein da Barr da Achong suka hango wani bairos a 1964, wanda shi ne na farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam. Wannan bairos yana da hannu a kansar bayan hanci da wani kaso na cutar Hodgkin, duka biyun kuwa suna cikin jerin da muke tuhuma a wuyan maigida. George Papanicolaou ya nuna cewa shafo 'yan ƙwayoyi daga bakin mahaifa na iya tona kansa shekaru kafin ta zama kansa. A 2020 ma binciken gawa ne ya nuna yadda korona ke daskarar da jini a ƙananan jijiyoyin huhu, abin da ya ƙarfafa ba marasa lafiyar da aka kwantar maganin tsinka jini.

Yanzu maganar ƙarfe. Na san daga inda ta samo asali, kuma ba na ganin wautar masu faɗinta. Mutum ya zauna da ƙari shekara guda ko fiye, sai da abin ya ci ƙarfinsa aka kai shi asibiti, aka yanki tsoka, bayan wata 2 ya rasu. Dangi suka ce ƙarfe ne. Alhali cutar ta riga ta yi nisa tun kafin ya taka ƙofar asibiti, yankan dai shi ne abu na ƙarshe da ido ya gani. Kansa ta hanyoyin jini da na kaluluwa take yaɗuwa, kuma ba ta jiran wuƙa. Gaskiya ne akwai 'yan lokuta da ƙwayoyi kan maƙale a hanyar da allura ta bi, amma abu ne mai wuyar aukuwa, likitoci kuma sun san inda hatsarin yake. Shi ya sa ba a tsikarar ƙarin ɗan maraina, cire shi ake yi gaba ɗaya, shi ya sa kuma a ƙarin ƙashi ko na tsokar cinya ake zaɓar hanyar allura yadda za a yanke ta tare da ƙarin ranar babban aiki. Ciro kaluluwar wuya don a san ko mece ce aiki ne na yau da kullum. Hatsarin barin ta babu suna ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Kada kuma ki ɗauka takardarmu wahayi ce. Abin da aka kawo mana kaɗai muke gani. In kaluluwa 5 suka kumbura aka ciro ƙaramar da ta fi sauƙin kamawa, mai yiwuwa ita lafiyarta ƙalau, cutar tana cikin babbar da ke can ƙasa. Saboda haka in kika ga an rubuta cewa ba a ga kansa a wannan samfuri ba, maganar samfurin ake yi. In jikin maigida ya ci gaba da faɗin wani abu daban, a sake ɗauka, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma gilasan da ƙwararru 2 za su duba su saɓa, musamman a limfoma, shi ya sa mai hankali a cikinmu yakan miƙa wa na kusa da shi ya ce duba mini wannan. Takardar da likita ya cike ma tana da nauyi. Wadda aka rubuta "ƙullutu a wuya" kawai aka sa hannu, an ɗaure mini hannu ɗaya. Ina buƙatar shekarun mutum, tsawon ciwon, ko yana da cutar da ke karya garkuwar jiki, ko ya taɓa shan maganin tibi, da abin da hoto ya nuna. Siffa guda a gilashi tana iya nufin abu daban a jikin yaro ɗan shekara 8 da dattijo ɗan 70.

Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan ba gilashi mai wuya ba ne. Mutum ne a yi masa aiki a cire ƙari, a nuna wa dangi a roba, sannan a zubar, wai ai an cire an huta. Bayan wata 8 abu ya dawo, a zo ana tambaya mene ne, babu mai amsa, domin shaidar ta tafi. Duk abin da aka cire daga jikin mutum, ko ya yi kama da kitse, a kai shi a duba. Bayan wannan sai tsokar da ta iso a cikin ruwan gishiri, ko a naɗe a auduga ta bushe, ko ƙatuwa an cusa ta a 'yar kwalba da fomalin cokali 2, wajenta ya daskare cikinta ya ruɓe. Irin wannan ko an yi rinin zamani ƙarya zai faɗa. A kansar nono ma ƙa'ida ce tsoka ta shiga fomalin cikin awa 1, ta zauna awa 6 zuwa 72, in ba haka ba gwajin HER2 da na istirojin ba abin dogaro ba ne.

A larurar maigida akwai wani ƙarin abu da ya kamata ku tuna wa likitan tiyata kafin a shiga, cikin ladabi. Fomalin yana kashe ƙwayar tibi. Tunda tibi na cikin abin da ake zargi, a raba tsokar: kaso mafi girma a fomalin, ɗan gutsure kuma a kwalba mai tsabta da ɗan ruwan gishirin asibiti, a kai shi ɗanye don gwajin GeneXpert da shuka. GeneXpert cikin awanni yake ba da amsa, har ya faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tibi. Shuka kuwa tana iya kai mako 6 zuwa 8, kada jiranta ya tayar muku da hankali, ba a dakatar da magani dominta in sauran shaidu sun haɗu. In an ba ku robar ku kai lab da kanku, a kai a ranar, kada a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. Ku karɓi lambar samfurin ku adana.

Ranar da takarda ta fito, ku nemi kwafinta cikakke, kada ku tsaya a "an ce kansa ce" ko "an ce babu komai". In limfoma ce, tambaya ta gaba ita ce wace iri, kuma an tabbatar da rinin garkuwa ko da ido kawai aka faɗa. Sunan cutar da zafinta daga wurinmu suke fitowa, amma nisan da ta yi a jiki, wato matakinta, a nan hoto ke dawowa ya karɓi aikinsa, wani lokaci har da ɗibar ɓargo. Bulok ɗin nan kuma ba a yar da shi, lab yakan ajiye shi shekaru, kuma kuna da damar neman a ba da aronsa tare da gilasan a kai wa wani likitan ya sake dubawa, ba sai an sake yanka maigida ba.

In kuwa tibi ce, ku sani kaluluwar tibi tana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa: a makonnin farko na magani takan ƙara kumbura, wata ma ta fashe ta yi ruwa, alhali maganin yana aiki. Wannan kaɗai ba dalilin tsayar da magani ba ne. Abin dubawa shi ne mutumin kansa, zazzaɓi ya sauka, gumin dare ya ragu, cin abinci ya dawo, nauyi ya fara hawa. In an yi wata 2 ana shan magani a kan ƙa'ida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to a koma wurin likita a ciro bulok a sake dubawa, domin ko dai ƙwayar ba ta jin maganin, ko kuma akwai limfoma zaune tare da tibin a kaluluwa guda, hakan kuwa yana faruwa.